SAWUN RAƘUMI A KAN IYAKA: Sasanta Rikicin Dabbobin Sata Tsakanin Sarakuna Maƙwabta, Daga Najadu Zuwa Ƙasar Ruma

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan yammacin Katsina ya san abin da ake yi in gari ya waye aka tarar da turke babu dabba. Mai dabbar yakan tara maƙwabta tun raɓa ba ta bushe ba, a fita bin sawu. Sawun raƙumi kuwa ba ya ɓoyuwa a rairayi, saboda haka akan bi shi ya ratsa gonaki, ya ƙetare fadama, har ya kai inda ikon dagacin garin ya ƙare. A nan ne wahalar ke farawa, domin daga wannan wuri maganar ta tashi daga hannun mai raƙumi ta koma hannun masu mulki. In sawun ya shiga ƙasar wani sarki, wa za a kai wa ƙara, wa zai tilasta ɓarawo ya mayar, kuma wane alƙali ne ɓangarorin biyu za su yarda da hukuncinsa?

Wannan lacca za ta duba yadda aka amsa waɗannan tambayoyi a wurare biyu masu nisa da juna. Na farko shi ne hamadar da ke tsakanin Najadu da Iraƙi da Jodan daga 1922 zuwa 1933, inda sarakunan Larabawa suka yi ta jayayya kan raƙuman da kabilunsu ke kwashe wa juna. Na biyu shi ne ƙasar Batsari da Safana, watau yankin da Dajin Rugu ya ratsa, wanda ya zama bakin daga tsakanin Katsina da Maraɗi a ƙarni na 19, ya kuma sāke zama fagen satar dabbobi a ƙarni na 21. Abin da tarihin wuraren biyu ya nuna shi ne dabbar da ta ƙetare iyaka ba ta dawowa sai in mai mulkin ƙasar da ta shiga ya yarda cewa abin da mutuminsa ya yi sata ce, ya kuma ɗauki alhakin mayarwa.

Abin da Shari'a da Al'ada Suka Tanada

Tun farkon Musulunci an bambanta raƙumi da sauran abin tsintuwa. Hukuncin da ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu makarantar ilmi a ƙasar Hausa da ba a karanta ta, shi ne mai tsintar kaya ya yi cigiyarsu har shekara guda. Tunkiya ko akuya da aka samu a dokar daji, inda babu mutane, ana iya ɗaukarta, don in an bar ta namun daji za su cinye. Amma raƙumin da aka gani yana yawo a sahara ba a taɓa shi, saboda yana jure ƙishirwa, yana cin ganyen itatuwa, yana kuma iya kai kansa ruwa har mai shi ya same shi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Halifa Umar ɓatattun raƙuma sukan yi ta yawo suna haihuwa ba mai kama su, sa'an nan da zamanin Halifa Usman ya zo sai ya yi umarni a yi cigiyarsu, a sayar, a ajiye kuɗin har mai su ya bayyana. Wannan canji yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa da amana ta ragu sai hukuma ta shigo ta zama mai riƙon dabbar a madadin mai ita.

A ƙasar Hausa al'ada ta ƙara wasu matakai a kan wannan. Akwai shaida, watau lambar da ake yi wa dabba da wuta ko tsagar kunne. Buzaye suna lalas da alamar zuriyarsu a wuya ko cinyar raƙumi, kamar yadda Larabawan hamada ke yin abin da suke kira wasmu, Fulani kuma suna tsaga kunnen shanunsu. Akwai dillali a kara, wanda la'adar da yake karɓa ba ladan haɗa ciniki kaɗai ba ce, har da lamunin cewa ya san mai sayarwa, kuma zai kawo shi in magana ta taso. Akwai mai masauki da Sarkin Zango, waɗanda ke amsa tambaya a kan baƙin da suka sauka wurinsu, da Sarkin Pawa wanda ya san abin da aka yanka a garinsa. Duk waɗannan suna aiki sosai muddin mai dabba da ɓarawo suna ƙarƙashin sarki ɗaya. Da zarar an ƙetare iyaka zuwa ƙasar abokan gaba, sai sunan abin ya canja, abin da ake kira sata a gida ya koma ganima, ɓarawo kuma ya koma jarumi.

Sarakunan Larabawa, 1922 Zuwa 1933

Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci sarakuna uku bayan Yaƙin Duniya na Farko: Abdul'aziz ɗan Sa'ud a Najadu, Sarki Faisal a Iraƙi, da wansa Amir Abdullahi a Gabashin Kogin Jodan. Faisal da Abdullahi 'ya'yan Sharif Husaini na Makka ne, gidansu kuwa da gidan Sa'ud ba sa ga maciji. Kabilun da ke tsakaninsu, irin su Shammar da Muɗair da Huwaiɗat da Bani Sakhar, sun gaji kai wa juna hari don kwasar raƙuma tun kaka da kakanni, suna kuma ɗaukar haka abin alfahari. A taron Uƙair na 1922 wakilin Ingila, Sir Percy Cox, ya ja layin iyaka tsakanin Najadu da Iraƙi da Kuwait, amma layin da aka ja a takarda bai hana makiyayi bin ruwa da ciyawa ba, bai kuma hana maharan Ikhwan na Najadu afka wa kabilun ƙetare ba.

A watan Nuwamba 1925 Sir Gilbert Clayton ya ƙulla yarjejeniyoyi biyu da ɗan Sa'ud: ta Bahra game da Iraƙi, da ta Hadda game da Jodan. Abubuwa uku ne ƙashin bayansu. Na ɗaya, an amince cewa harin da kabilar wata ƙasa ta kai cikin wata ƙasa laifi ne, kuma gwamnatin masu harin ce za ta hukunta su. Na biyu, shugaban kabilar da ta kai harin shi za a kama da alhaki. Na uku, za a kafa kotu ta musamman mai wakilai daidai wa daida daga ɓangarorin biyu, da shugaba wanda dukkansu suka yarda da shi, ta binciki asara ta yanke abin da za a mayar. An kuma hana sojan wata ƙasa bin maharan cikin ƙasar maƙwabciyarta sai da izini.

Tsarin ya yi kyau a takarda, amma shekaru biyar na farko bai haifar da abin kirki ba. Dalili kuwa shi ne ɗan Sa'ud bai riga ya mallaki Ikhwan ba, sai da ya karya su a yaƙin Sabila a watan Maris 1929. Har ila yau kowane ɓangare ya tara dogon lissafin raƙuman da yake bin ɗayan, kowa yana ƙara nasa yana rage na abokin gaba. A 1930 Ingila ta aiko da mai bincike, M. S. MacDonnell, ya zauna a Amman yana sauraron ƙararrakin kabilun Jodan da na Najadu, amma shaidu suka yi ta karo da juna, aka kasa tantance wa ke bin wa. A 1931 aka yanke cewa tsofaffin bashin ɓangarorin biyu sun share juna. Wannan ya dace da wata al'adar Larabawan ƙauye ta sulhu, wadda ma'anar sunanta ita ce haƙawa da binnewa, watau a haƙa rami a binne abin da ya wuce.

Abin da ya tsayar da hare-haren shi ne aikin da ya biyo baya. John Glubb, wanda ya isa Jodan a ƙarshen 1930, ya kafa rundunar sintirin hamada daga cikin 'ya'yan kabilun da kansu, mutanen da suka san kowace rijiya da kowace shaidar raƙumi. Rundunar ta tsare kabilun Jodan daga mahara, ta kuma hana su kai nasu harin, in sun kai a ƙwace a mayar. Yarjejeniyar abota da kyakkyawar maƙwabtaka ta 1933 tsakanin Jodan da Saudiyya ta ba jami'an kan iyaka ikon tuntuɓar juna kai tsaye, ba sai magana ta je fada ta dawo ba. Da kowane sarki ya fara kama nasa ɓarawon, sai harin raƙuma ya mutu cikin 'yan shekaru.

Ƙasar Ruma a Ƙarni na 19

Yanzu sai a komo gida. Batsari tana yamma da birnin Katsina, hakiminta shi ne Sarkin Ruma. Safana tana kudu da ita, hakiminta kuwa Yariman Katsina ne. Dukkansu suna iyaka da Zamfara ta yamma, kuma ta Jibiya ake fita daga yankin zuwa ƙasar Maraɗi. Wannan matsayi shi ya jawo wa yankin arziki a lokacin lumana, shi ya kuma jawo masa masifa a lokacin yaƙi.

Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka sami sarakuna biyu, kowanne yana kiran kansa Sarkin Katsina, kowanne yana ganin ɗayan ɗan ƙwace ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da Maraɗawa a Gawakuke a 1836, amma wannan bai kashe wutar ba. Wajen 1843 zuwa 1844 garuruwan yankin Ruma suka yi tawaye da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe tawayen da tsananin da ya watsa garuruwa da yawa, gonaki suka koma kurmi, dajin da ke tsakanin Katsina da Zamfara ya ƙara faɗi. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiku, amma ɓarnar ta riga ta auku. Ƙasar da babu mai noma ta, babu dagacin da zai amsa tambaya a kanta, ita ce hanyar da mayaƙan Ɗan Baskore, da na Kaura Hasau daga baya, suka riƙa bi suna kai hari kudu.

Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga halin da yankin ke ciki da idonsa. A watan Maris 1853 ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato tare da ayarin Galadiman Sakkwato, suka bi ta Kuraye da Kurfi har Zakka, wadda ke cikin ƙasar Safana, sa'an nan suka ratsa dajin da doguwar tafiya babu sauka, don tsoron rundunar Gobirawa, har suka fita kusa da Zurmi. In babban bafaden Sarkin Musulmi da jama'arsa suna ratsa daji a guje, ba sai an faɗi halin talakan da aka kore masa raƙumi ko shanu ba. A tsakanin Katsina da Maraɗi abin da aka kwasa ganimar yaƙi ce, hanyar da ta rage wa mai asara kuwa ita ce fansa ta hannun fatake, ko kuma ramuwa. Sawun giwa ya taka na raƙumi, watau gabar sarakuna ta shafe haƙƙin talaka.

Duk da haka akwai raƙuman da ke ratsa wannan gaba su fita. A watan Janairu 1851 Barth ɗin nan ya zo daga Azbin tare da ayarin gishiri na Buzaye, suka bi ta Tasawa da Gazawa, waɗanda ke ɓangaren Maraɗi, suka shiga Katsina ta Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje, suka wuce Kano. Ayari ɗaya ya sauka a ƙasashen abokan gaba biyu. Dalili shi ne kowane sarki yana bukatar gishirin Bilma da kuɗin fito, kuma raƙuman suna da shaida, suna da madugu, suna da manyan Azbin a bayansu waɗanda ba a son ɓata musu rai. Inda sarakuna biyu ke da riba a zaman lafiyar dabba, sukan sami hanyar kare ta ko suna yaƙi da juna.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, Faransa kuma ta mamaye Maraɗi. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tsayar da iyaka, hukumar Tilho da O'Shee ta kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Ba don tausayin talaka Turawa suka yi haka ba, amma sakamakonsa shi ne kowane ɓangare ya sami mai mulkin da ke hana nasa mutane kai hari. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, mutane suka koma kufan kakanninsu a ƙasar Ruma, sababbin ƙauyuka suka tsiro a bakin daji.

Tsarin En'e ya ɗaure kowane taƙi na ƙasa a wuyan wani mutum: mai unguwa, dagaci, hakimi, har sarki. Baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Dabbar da aka tsinta akan kai ta ƙofar mai gari a yi cigiya ranar kasuwa. Jangali, duk da zaluncin da ke tattare da karɓarsa da yadda Fulani ke gudunsa, ya sa arɗo da hakimi sun san garken kowa da inda yake mashekari. Bayan mulkin kai, Dokar Makiyaya ta 1965 ta Jihar Arewa ta ba da damar keɓe wuraren kiwo, aka kuma yi aikin makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, da madatsun ruwa da wuraren kula da dabbobi a wajen Runka.

Daga nan aka shiga kwance wannan tsari ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba hakimai da ikon zartarwa. A 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Kowanne daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, talakawa kuma sun yi murna da yawancinsu. Kuskuren shi ne ba a kafa wani abu da zai maye gurbin aikin da tsohon tsarin ke yi na sanin dabba da mai ita ba. Makiyaya ta lalace, noma ya cinye burtali, daji ya koma hannun wanda ya fi ƙarfi.

Daga 2015 Zuwa 2025

Sa'ad da Alhaji Aminu Bello Masari ya hau kujerar Gwamnan Katsina a 2015, satar shanu ta riga ta zama sana'ar masu bindiga a Dajin Rugu. Gwamnatinsa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sakataren Gwamnati, Dokta Mustapha Inuwa, aka ƙwato dabbobi aka mayar wa waɗanda suka iya kawo shaida. A watan Janairu 2017 aka yi bikin ajiye makamai a Ƙanƙara. Lumanar ba ta daɗe ba. A watan Satumba 2019 Gwamnan ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana, ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, aka yi musayar waɗanda ke tsare da waɗanda aka sace. A watan Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, kuma a cikin wannan shekara Gwamnan ya bayyana cewa an ci amanarsa, ba zai sāke sulhu ba. A ƙarshen Agusta 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ciki har da na Batsari da Safana, abin da ke nuna cewa hukuma ta daina amincewa da lamunin dillali. A 2025 kuma al'ummomin Batsari da Jibiya da Safana da wasu wurare suka ƙulla nasu sulhun da mutanen daji, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa tana cewa ba ita ke tattaunawar ba.

In aka auna sulhun 2017 da na 2019 da ma'aunin Bahra da Hadda, za a ga inda suka yi rauni. Waɗanda aka zauna da su ba su mallaki dukan masu bindiga ba, kamar yadda ɗan Sa'ud bai mallaki Ikhwan ba kafin 1929. Ba a kafa wata kotu ta dindindin da manomi da makiyayi suka yarda da ita ba, alhali kuwa kowannensu yana da nasa lissafin: wannan an kore masa shanun huɗa da raƙumin noma, wancan 'yan sa-kai sun kashe masa ɗan'uwa a hanyar kasuwa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Daɗin daɗawa, Katsina ta yi nata sulhu, Zamfara ta yi nata dabam, alhali dabbar da aka kora daga Batsari da dare tana iya wayar gari a ƙasar Zurmi. Ta fuskar Nijar akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu tun 1971, Jihar Katsina da Jihar Maraɗi kuma sun sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirgar makiyaya a 2017, amma juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya sun raunana tuntuɓar juna.

Kammalawa

Tarihin wuraren biyu ya bar wa ma'aikacin hukuma da ɗalibi darussa huɗu. Tilas dabba ta kasance da shaidar da aka rubuta a littafi, kuma kada a sayar da ita a kara sai da mai lamuni. Tilas kowane yanki na daji ya kasance da wanda za a tambaya in sawu ya shiga cikinsa, a kuma ba shi ƙarfin da zai iya amsawa. Tilas jami'an Batsari da Safana su iya magana da takwarorinsu na Zurmi da Madarumfa a ranar da aka yi satar, domin sawu ba ya jiran wasiƙa ta je babban birni ta dawo. Na huɗu, wanda ya fi ɗaci, shi ne akwai tsohon lissafin da ba zai taɓa biyuwa ba. Larabawa sun binne nasu a 1931, amma binnewar ta yi amfani ne saboda an tsayar da masu sintiri da masu mayar da kaya a bayanta. Yafe abin da ya wuce ba tare da an tanadi mai kama ɓarawon gobe ba, shi ne abin da aka gwada a Ƙanƙara a 2017, mutanen Tsauwa da Dankar kuwa su suka biya kuɗinsa bayan shekara uku.